Tantin mutum biyu mai rufi biyu: ya dace da hawan dutse?

Tantin nan mai sandunan alminiyam biyu a gicciye nauyinsa kusan kilo 2 ne. Ma'aurata sai su raba kayan: ɗaya sanduna da turaku, ɗaya yadin.

Rufin waje yana tare ruwan sama sosai, amma aibinsa raɓa. Tururin numfashi kan taru a jikinsa da dare, in rufin wajen ya taɓa na ciki sai raɓar ta ɗiga kan bargo. A ja igiyoyin su miƙe sosai, a bar kafar iska a buɗe ko ana sanyi. Sanyin kuwa ba wasa, duk hawan mita 1,000 zafi na raguwa da kusan digiri 6.

Turakunsa sirara ne, suna lanƙwashewa a tsakuwa. Gara a sayi masu kauri, a kafa su a karkace.