Sharhi kan na'urar daidaita karkata a ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa

Jirgin da na gwada wannan na'ura a kansa ƙaramin jirgin ƙarƙashin ruwa ne mai aiki da rimot, tsawonsa bai wuce mita ɗaya ba, kuma kafin in sa masa ita tuƙa shi wahala ce zalla. Da zarar ya nutse ba na iya ganin yadda ya karkata, saboda haka duk gyaran da na yi da hannu a makare yake zuwa: ko dai goshinsa ya sunkuya ya nufi laka, ko kuma ya taso har farfelarsa ta fito tana kaɗa iska.

Na'urar ɗan allo ce da bai kai kwalin ashana girma ba, ana haɗa ta tsakanin risiba (mai karɓar umarni daga rimot) da sarbo (ƙaramin injin da ke juya fikafikan baya). Risiba tana aiko da sigina kusan sau 50 a daƙiƙa ɗaya, tsawon kowanne daga milisakan 1 zuwa 2 (milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na daƙiƙa), inda 1.5 yake nufin tsakiya. Ita kuma na'urar tana auna karkatar jirgin ta hanyar jan da ƙasa take yi wa kowane abu, ta ƙara ko ta rage a kan umarnin matuƙi, sannan ta miƙa wa sarbo. Haɗa wayoyin bai ɗauke ni minti goma ba.

Saitin ne ya ci lokaci. A gwajin farko na buɗe ƙarfin gyaranta da yawa, sai jirgin ya riƙa sunkuyawa yana ɗagowa babu tsayawa, domin kowane gyara yana wuce gona da iri, na gaba kuma ya zo ya rama. Da na rage shi zuwa kusan rabi, na kuma ɗora allon a kan soso don girgizar motar da ke juya farfela ta daina ruɗa shi, sai tafiyar ta miƙe. Amma abin da ya fi komai tasiri bai shafi lantarki ba ko kaɗan. Sai da na sake jera dalma a ƙasan jirgin da kumfa mai tauri a samansa, har ya kwanta daidai a ruwa ba tare da mota tana aiki ba, sannan na ga amfanin na'urar na haƙiƙa. Fikafikai ba sa yin komai idan ruwa ba ya gudana a kansu, don haka jirgin da nauyinsa ya karkace ba zai gyaru da wannan allo ba a tafiyar sannu.

Raunin da na tabbatar shi ne ba ta bambance karkata da fizgar gudu. Idan na ba da wuta farat ɗaya, sai ta ɗauka goshin ya ɗaga, ta danna shi ƙasa na ɗan lokaci. Allunan da suka haɗa ma'aunin fizga da ma'aunin juyi, irin masu ɗauke da ɗan guntun lantarkin da ake kira MPU-6050, an yi su ne don rage wannan kuskure, ni kuwa ƙara gudu a hankali na koya. A tafiyar baya ma aikin fikafikai yana juyewa, tawa kuma ba ta san da haka ba, shi ya sa nake kashe ta daga rimot kafin in ja da baya.

Wanda zai saya ya sani cewa karkata take riƙewa, ba zurfi ba. Jirgi yana iya kwanciya sambal alhali yana ta nitsewa a hankali, kuma ko siginar megahaz 40 da nake amfani da ita mita kaɗan take ratsawa a ruwan daɗi, ta gigahaz 2.4 kuwa ba ta shiga ruwa. Saboda haka ban cire da'irar da ke fitar da ruwan tankin nutsewa don jirgin ya taso idan sigina ta yanke ba, kuma abin da zan ƙara nan gaba shi ne ma'aunin matsin ruwa, wanda zai nuna zurfi.