Atisayen Baba Sol na Madani: ƙafa kam za ta samu, amma ku fara ganin likitan ido

Salamu alaikum 'yan uwa. Tun da labari ya bazu cewa Baba Sol ya dawo Madani, nan Sudan, ya sake buɗe atisayensa na asuba na masu neman shiga soja, mutum uku suka same ni ta WhatsApp, dukansu 'yan majistir, wato digiri na biyu, wai in gaya musu ko kuɗin da yake karɓa ya ci sunansa. To bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta, don na gaji da maimaita magana ɗaya a saƙon murya. Sunansa na yanka ba zan faɗa ba, duk ɗan hayinmu ya san shi, tsohon sol ne, wato babban kurtu a soja, ɗan Gadarif da ya yi ritaya, Hausarsa rabi Larabci.

Ni na yi wata huɗu a hannunsa a 2022, kafin yaƙi. Lokacin ina shekara ta biyu a majistir, injiniyancin ban ruwa, bahasina, wato bincikena, a kan laƙar da take cike magudanan mashru'in Jazira, babban aikin noman ban ruwan nan. Sai aka fara maganar takdim, neman shiga, na dubbat fanniyin, wato masu shahadar jami'a da ake ɗauka a yi musu horo a Kulliya Harbiyya, kwalejin horar da hafsoshin soja, ta Wadi Sayyidna, arewa da Omdurman, su fito da tauraro a kafaɗa. Ba zan yi muku ƙaryar kishin ƙasa zalla ba, akwai shi, amma akwai kuma albashi duk wata, ga maganar aure da aka tsayar a Maiurno, dangin yarinya sun fara tambayar wai wannan karatun nasa ba ya ƙarewa ne.

Ranar farko ko sannu bai ce min ba. Cewa ya yi cire takalmi, ya sa na taka ruwa na taka siminti ya tsuguna yana kallon sawun, yana neman ko tafin ƙafata shimfiɗaɗɗe ne. Ya ce haɗe gwiwa, buɗe baki, miƙe hannu, ya auna tsawona da wani zare da ya ƙulla a jikin dalbejiya, ya ɗora ni a sikeli irin na masu sayar da dawa. Sannan ya ce "ya waladi, kai ustaz ne, tumbin littafi gare ka, amma za ka gyaru". Daga ranar sunana ya koma Ustaz Majistir. A gabana ya sallami wani yaro saboda gwiwoyinsa suna karo da juna, ya mayar masa da kuɗinsa cif, ya ce kar ya wahalar da uwarsa. Wannan abin shi ya sa na yarda da shi, kuma shi ne ya sa na saki jiki fiye da kima, za ku ji.

Atisayen kansa babu wasa. Ana idar da sallar asuba mun taru, a ɗauki shari'in Nil a miƙe har wajen gadar Hantub a juyo, yana gefe a kan wani tsohon keke yana jan jallalat, waƙoƙin gudun soja, muna amsawa, kuma wallahi waƙar nan tana aiki, numfashinka sai ya bi ta ka manta da ƙirjin da yake ci da wuta. In an dawo a shiga dagat, wato a kife ana tura ƙasa da hannu, a shiga atisayen ciki, a rataye a ƙarfen ugla ana jan jiki sama, sai bayada, wato maci, a ƙarshe, dama hagu dama hagu har rana ta fara cizo. Satin farko na yi amai sau biyu. Sati na uku ƙwaurina ya ɗauki ciwo kamar ana soka min ƙusa, na zaci zai ce ragwanci ne, sai ya duba takalmina ya ce wannan na zuwa biki ne, ya cire ni daga kan kwalta ya mayar da ni gudu a rairayin bakin kogi na kwana goma, ciwon ya lafa. A nan na san mutumin ya san jikin ɗan adam ko da bai shiga aji ba. Da harif, wato damina, ya shigo kuwa, kun san baƙar laƙar Jazira, sai ka ɗaga ƙafa da kilo guda a manne, shi murna ma yake yi, wai Allah ya kawo mana nauyi kyauta.

Wani abin da ban yi zato ba shi ne tarihi. Muna miƙa jijiya yana jefo tambaya, wanda ya kuskure dagat 20. Yaushe aka buɗe makarantar soja? 1905, a Khartoum, zamanin Turawa. Me ya sa aka rufe ta? Ɗalibanta sun fita zanga-zanga a titi a watan Agusta 1924. Yaushe aka buɗe kulliyar ta yanzu? 1948. Sai jerin muƙamai, mulazim, mulazim awwal, nakib, ra'id, mukaddam, akid, amid, liwa, har sama, ka faɗa da sauri ba tare da ka haɗiye yawu ba. Yana koya maka yadda za ka tsaya a mu'ayana, wato gaban masu tantancewa, inda za ka ajiye ido, yadda za ka ce "na'am sa'adatak" da murya daga ciki. Ni da nake ji da kaina ina gabatar da samina a gaban dakatoci, sai ga tsoho yana gaya min ina magana kamar mai neman bashi.

Kuɗinsa ba shi da yawa, na wata bai kai abin da nake kashewa a raksha ba, kuma yana karɓa ta Bankak. Adadin 2022 ba zai amfane ku ba yanzu da jinai, kuɗin Sudan, ya zama abin da ya zama. But ɗin, takalmin soja, da yake sayarwa dai ku bar masa kayansa, na saya, a Suk Libya na ga irinsa da sauƙi sosai.

Yanzu inda muka saɓa. Na farko, Baba Sol bai san menene majistir ba kuma ba ya son ya sani. A wajensa duk wanda ya yi fashin rana ɗaya ya gudu daga fagen fama. Ranar da nake da fita ɗibar samfurin ruwa a gona ko zama da mushrif, malamin da yake duba bahasina, da safe, washegari sai ya ninka min gudu a gaban yara 'yan sakandare. In na koma ɗaki ƙarfe takwas na ci bosh na sha godogodo, barci ne yake kwashe ni a kan laftof, babi na uku na bahasina ya yi wata biyu a shafi ɗaya. Shi ne kuma ya dinga zuga ni in yi tajmid, wato in dakatar da karatun na wani lokaci, wai ba a bin zomo biyu, takarda ba ta ruɓewa. Mushrif ɗina, Allah ya saka masa, ya ce min "ya ibni ka jira sunanka ya fito tukuna, in ka shiga kulliya waya ma ba za ka riƙe ba balle bahasi, sai a lokacin tajmid yake da ma'ana". Ban ji ba. Na bi maganar Sol na daskarar da zango guda.

Na biyu shi ne wanda har yau yake min ciwo. Ranar kashfu, wato gwajin lafiya, na hau bas tun dare zuwa Mina Barri, tashar motar Khartoum, na tsallaka Omdurman, jikina kamar na dokin sukuwa, tumbi ya tafi. Tsawo lafiya, nauyi lafiya, ƙafa lafiya, ƙirji lafiya. Sai ɗakin ido. Haruffan bango na karanta su har layin ƙasa. Likita ya buɗe wani ɗan littafi mai da'irori cike da ɗigo-ɗigo masu launi ya ce wace lamba ka gani. Shafin farko na ce 12. Na biyu na faɗi wata lamba, ya ɗago ya kalle ni. Na gaba ban ga komai ba sai ɗigo kamar an zubar da wake da gero. Ya buɗe wasu uku, ya rufe littafin a hankali ya ce "ma'alesh ya bashmuhandis". Minti biyu ba su cika ba. Gwajin Ishihara ake ce masa, wani likitan Japan ne ya fito da shi tun 1917, yana kama masu rikita ja da kore. Gado ne, ta wajen uwa yake biyowa, maza ya fi kamawa, kuma babu gudu ko magani da yake gyara shi. Shekara 27 ina yawo da abina ban sani ba. Gudun da na yi wata huɗu ina tarawa ko ganinsa ba a yi ba.

Da na dawo na same shi a gindin dalbejiyar na ce Baba, ka duba ƙafa ka duba haƙori, ido fa? Ya yi shiru, ya ce a zamaninsu shi bai taɓa ganin wanda littafin ya kayar ba. Bai mayar min da ko sisi ba, ni ma ban tambaya ba, don gudun dai ya koya min. Amma mutumin da yake karɓar kuɗin masu neman kaki ya kamata a ce yana da littafin nan a aljihu, ko ya ce kowa ya kawo takardar likitan ido kafin ranar farko. An ce min har yanzu bai sa wannan sharaɗin ba.

To ku ukun nan da kuka tambaya, in jiki kuke so ya ginu ku je, a Madani ban san wanda ya kai shi ba, cikin waɗanda muka yi tare akwai biyu da suka shiga suka fito da taurarinsu. Amma kafin ku tura masa jinai ɗaya ku je asibiti a duba ido da launi, da jini, da zuciya, da duk abin da ake dubawa, kuma kar wanda ya taɓa rajistarsa ta jami'a sai ya ga sunansa a jerin sunaye na ƙarshe. Ku kuma zauna da iyayenku, kakin 2022 daban, na bayan 15 ga Afrilu 2023, ranar da yaƙi ya ɓarke, daban, ɗaya daga cikin biyun nan da suka fito da taurari yanzu da sanda yake tafiya.

Da na gaya wa Inna abin da likita ya ce dariya ta yi har da hawaye, wai ashe shi ya sa in ta aike ni gona tsinko tumatir nake haɗo mata da ɗanye, kuma babanta ma haka yake, sun ɗauka ganganci ne. But ɗin yana nan, lamba 43, sau biyar na sa shi, mai so ya yi min magana.