Wasiƙa daga Teksas: Yaya, kafin ka nemi irin shanun gasa

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kana lafiya, da Inna da yara, da dukiyar da ke turke. Saƙonka ya iso, na saurare shi har sau 3. Ka ce hoton ɗan maraƙin nan da na turo, mai gashi kamar an lulluɓe shi da bargo, ya tsaya maka a rai, kana so in nemo maka irinsa a zuba wa karsanoninka. Don Allah ka karanta wannan tukuna. Shekara 3 ke nan ina aiki a gonar da ake haifar irin waɗannan maruƙa, kuma a kan idona maigidana ya kafa garken.

Maraƙin da ka gani ba don nono aka haife shi ba, ba kuma don mahauci ba da farko. Na gasa ne. A nan yaran makaranta da ke ƙungiyoyin koya wa matasa noma da kiwo, wato 4-H da FFA, suna sayen maraƙi dandaƙaƙƙe, su yi ta kiwonsa wata da watanni, sannan su kai shi gaban alƙali. Gasar birnin Fort Worth tun 1896 ake yin ta, ta birnin Houston kuma tun 1932. A 2022 maraƙin da ya zo na ɗaya a Houston dala miliyan 1 aka saye shi a gwanjo. Ba naman aka saya ba, Yaya. Attajirai ne ke haɗa kuɗi, a ba yaron kason da aka ƙayyade, sauran ya shiga asusun karatun ɗalibai. Mu kuwa masu gona, iyayen waɗannan yara su ne kasuwarmu.

Shi ya sa da maigidana zai fara, bai tambayi wane iri ya fi kyau ba. Tambayarsa ita ce: yaran yankin nan wace gasa suke zuwa? A Houston aske wa sa gashi ake yi ƙwal, alƙali ya ga tsoka da ƙashi yadda Allah ya yi su. A Fort Worth kuwa da gashinsa yake shiga. Kuma rukuni-rukuni ake yi. Akwai na Birtaniya, wato Angus baƙi marar ƙaho, da Hereford ja mai farar fuska, da Shorthorn. Akwai manyan nan na sauran ƙasashen Turai, irin su Charolais da Maine-Anjou na Faransa da Chianina na Italiya. Mai gashin da ya burge ka gauraye ne na waɗannan, an cuɗa Maine-Anjou da Chianina da Angus da Shorthorn har ba ka iya cewa ga ubansa na asali.

Gashin ma ba banza yake fitowa ba. Ɗakin sanyi gare su, da fankoki masu aiki dare da rana, kuma safe da yamma muna wanke su mu busar mu taje. Ka kawo wannan dabba Maigatari a watan Afrilu, ga rana ga kaska, wallahi tausayinta za ka ji.

Rukunin da ya fi shiga raina shi ne na masu jinin Brahman. Ranar da na fara ganinsu tsayawa na yi cak. Ga tozo, ga leɓe yana reto, ga fatar nan mai jure zafi, sai ka ce Bokolojin Sakkwato ne ya ƙetaro teku. Daga shanun Indiya aka samo su. Mutanen nan da suka ga shanun Ingila ba sa jure zafin kudancin Teksas, ba su nace ba, sai suka nemo mai tozo suka haɗa. A gonar King Ranch aka fitar da Santa Gertrudis, kashi 5 cikin 8 Shorthorn, kashi 3 Brahman, aka amince da shi a matsayin iri mai zaman kansa a 1940. Wato abin da suka sha wuya suka shigar cikin shanunsu, mu da shi aka haifi namu.

To, bari in zo kan tsatso, don a nan ne na ga aikin da ya sa na jinjina musu. Maigidana ba ya sayen bijimi mai tsada. Littafi ake aiko masa, kowane shafi da hoton bijimi, da sunan ubansa da uwarsa da kakanni, da lambobi masu nuna ko 'ya'yansa manya ake haifa ko ƙanana. Ya zaɓa, ya biya, bayan 'yan kwanaki mota ta ajiye masa maniyyin a ƙofar gida, cikin tulun ƙarfe mai ruwan nitirojin da sanyinsa ya kai digiri 196 ƙasa da sifili. Na san a Shika ta Zariya ana wannan aiki, an daɗe ana haɗa Bunaji da Friesian. Bambancin shi ne a nan abin ya isa hannun ƙaramin makiyayi, kuma in nitirojin ya yi ƙasa akwai mai zagayowa ya cika.

Amma takarda sai da mai karanta ta. A shekararmu ta farko maigidana ya sayo shanu mata a gwanjo, kyawawa, masu arha, ba takardar asali. Aka yi musu barbara da wani bijimi da ake yayi. Bayan kwana 283 ko kusa da haka, da tsakar dare, ɗaya ta kasa haihuwa, sai da likitan dabbobi ya tsaga ta. Ni na riƙe fitila. Maraƙin ya fito ƙafafunsa na baya a murɗe, ƙashin ƙwauri babu, cikinsa a ɓulle. Bai kai safe ba. Har yau in na tuna yadda uwar ke lasarsa sai jikina ya yi sanyi.

Cutar gado ce da suke kira TH. An bi sawunta har zuwa wani bijimin Shorthorn mai suna Deerpark Improver da aka shigo da shi daga Ayaland. Akwai 'yar'uwarta PHA a jinin Maine-Anjou, ita kuma maraƙin kumbura yake yi da ruwa, huhunsa bai cika ba. Dabbar da ke ɗauke da cutar ta gefe ɗaya lafiyarta ƙalau, ba ka ganin komai. Sai uwa da uba duk suna ɗauke da ita, sannan a kowane ciki akwai yiwuwar 1 cikin 4 a samu irin wanda na gani. Abin da ya dame ni shi ne ba a daina amfani da su ba, don masu sana'ar sun yi imani masu ɗauke da TH sun fi gashi da kaurin ƙashi. Heat Wave, bijimin da ya yi suna sosai a wannan harka, yana ɗauke da ita, kuma kowa ya sani. Ni dai ban yarda a sa dabba cikin wannan haɗari saboda gashi ba. Sai dai in faɗi gaskiya, ba a ɓoyewa: a rubuce yake a gefen sunan bijimi, kuma gwajin mai sauƙi ne, gashin jela za ka tsige ka aika ɗakin bincike, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba. A kara a gida, in dillali ya buɗe maka haƙori ya daki gadon baya, shi ke nan bincike ya ƙare.

Tun daga wannan dare maigidana ya juya hankalinsa kan iyaye mata. Ya gwada kowace saniya. Ya sayar da masu faɗa da masu ƙarancin nono, ya cike gurbinsu da masu jinin Angus da Simmental waɗanda gwaji ya wanke. Karsana mai cikin fari kuwa ba a haɗa ta sai da bijimin da aka san 'ya'yansa ƙanana suke fitowa. Yakan ce bijimi ana canza shi da kiran waya ɗaya, amma uwa shekaru za ka yi da ita.

Da na ji haka sai na tuna Ardon rugar bayan gidanmu, yadda yake nuna saniya da sanda ya jero maka uwarta da uwar uwarta, ya ce waccan ta yi nono, waccan ba ta taɓa ɓari ba. Ilimin da ke cikin littafin nan nasu yana cikin kansa. Sai dai ya tsufa, Yaya, kuma 'ya'yansa sun koma birni.

Don haka ba zan aiko maniyyi ba. Cikin kayan da zan ba mai zuwa gida bayan Sallah akwai lambobin kunne guda 50 da ƙarfen maƙala su. Ka sayi babban littafi, kowace saniya da shafinta: ranar haihuwa, wane bijimi ya hau ta, nono nawa take bayarwa da rani, ciwon da ta taɓa yi. Ka je ka zauna da Ardo ya faɗa maka asalin waɗanda muka saya a wurinsa, ka rubuta tun yana da ƙarfi. Kuma farin bijimin nan ya isa haka, 'ya'yansa mata sun kai barbara, ka yi musanyarsa kafin damina.

Ka gaishe da Inna, ka ce mata maganin ƙafarta yana cikin kayan.