Maybelline Fit Me Matte + Poreless: ya dace da budurwa mai fara kwalliya?

Yarinyar da ta taso da kwalli, jan baki da hodar mama, ranar da ta ce faundeshin take so, wato abin da ake shafa wa fuska don daidaita launin fata kafin hoda, sau da yawa wannan ake miƙa mata a kanti. Ya cancanta, amma ba ga kowace fuska ba.

Ruwa-ruwa ne, mililita 30, kuma an yi shi ne domin fata mai maiƙo. Yana bushewa ba ƙyalli, ya lafe ramukan gefen hanci, ya daidaita launi. Rufinsa matsakaici ne: tabon ƙuraje mai duhu zai leƙo ta ƙasansa, sai an ɗora konsila, wato abin rufe tabo. Ga 'yar shekara sha bakwai wannan alheri ne, don fuskarta ba ta buƙatar lafta.

A wajen zaɓen launi aka fi yin asara. Masu duhun fata su fara dubawa daga lamba 330 zuwa sama, kamar 330 Toffee da 360 Mocha, amma sunaye kan bambanta tsakanin na Amurka da na Ingila, don haka kada ki saya da suna kawai. Ki ɗiga launi biyu a muƙamuƙi, ba a bayan hannu ba, ki fita hasken rana, ki jira minti goma sha biyar. Yakan ƙara duhu kaɗan idan ya sha iska ya haɗu da maiƙon fata. Wanda ya ɓace tsakanin fuska da wuya shi ne naki. Ɗaukar mai haske don a yi fari ba ya haifar da komai sai fuska toka-toka a hoton biki.

Ki wanke fuska, ki shafa mai marar nauyi, ki ba shi minti biyar. Ki girgiza kwalbar, ki zuba kamar ƙwayar wake a bayan hannu. Da soson kwalliya mai danshi, wanda aka matse sarai, ki riƙa dannawa daga tsakiyar fuska zuwa gefe, sashe-sashe, domin yana saurin bushewa. Gogawa ce ke barin zane. Hoda kuma goshi, hanci da haɓa kaɗai.

Da hunturu yake nuna halinsa. Duk inda fata ta yi furu-furu, gefen baki ko tsakanin gira, nan zai maƙale ya tsattsage. Mai busasshiyar fata gara ta nemi wani. A zafin bazara kuwa, bayan 'yan awanni hanci zai fara sheƙi. Ki danna tishu ki tsotse maiƙon kafin ki ƙara hoda, in ba haka ba ya yi dunƙule-dunƙule. Yana kuma shafar bakin hijabi, musamman fari, ya bar layin ruwan ƙasa daidai ƙarƙashin haɓa. Kwalbar gilashin da ba ta da famfo ma tana da ɓarna, sai ya kwararo fiye da buƙata.

Jabunsa ya yi yawa a kasuwa. Idan ya yi arha ainun, ko yana warin fenti, ko rubutun jikinsa na gogewa da farce, ki ajiye. Da dare a wanke shi tas kafin kwanciya, soson kuma a wanke da sabulu aƙalla sau ɗaya a mako, domin dattinsa na tayar da ƙuraje.