Hattara da masu tallan "maganin laushin giya" na mota a Facebook da TikTok

Salamu alaikum jama'a, musamman direbobinmu na Gombe masu Golf 3 da Vectra da Sharon da 406, dan Allah ku karanta ku tura wa na kusa da ku.

Akwai wasu da suka ɓullo suna tallan wani kunshi wai na gyaran giyar hannu, kwalba ɗaya ta mai wadda ba suna ba lambar komai a jiki, da 'yan robobi guda huɗu wai bushin ne na kowace mota, sai kan sandar giya mai ƙyalli. Suna cewa kai da kanka za ka ɗaura a ƙofar gida ba sai ka je gareji ba, giyarka ta koma kamar sabuwa. Sai ka fara tura kuɗi sannan su sako maka a mota, kuma sunan da ke kan akawun daban, sunan shafin daban, lambar da za ta kira ka ita ma daban. Wani ƙanina da ke lodin Gombe zuwa Kaltungo ya faɗa hannunsu, shi ya sa na san abin ciki da waje, kuma wallahi raina ya ɓaci.

Ku lura da bidiyon nasu da kyau. Za ku ga mutum yana sa giya da yatsa biyu, wan, tu, tiri, sumul, an ɗora kiɗa a kai. To ku kalli allon motar, allurar injin tana kwance a sifili. Motar a kashe take! Ai mota in tana kashe, ko kulocinta ya gama lalacewa giya za ta shiga ba gardama, tunda ba abin da ke juyawa a ciki. Kiɗan nan an sa shi ne don kada ka gane ba ƙarar inji.

Man da ke cikin kwalbar kuwa, da kanikawa suka zuba a murfi suka shinshina, baƙin mai ne da aka tace aka tsinka shi da kananzir. Shi ya sa kwana biyun farko za ka ji giya ta yi laushi har ka fara yi musu addu'a, saboda man ya tsinke, da sassafe ba ya riƙe giya. Amma aikin man giya shi ne ya tsaya tsakanin ƙarfe da ƙarfe, in ya zama ruwa-ruwa ga zafin garin nan ga lodi ga hawa, haƙoran giya da boris ne za su riƙa cin juna. Motar yaron nan yanzu kuka take in ta ɗau hanya, giya ta biyu kuma sai ta yi gurnani kafin ta shiga, an ce sai an sauke giyabos. Mutum mai iyali, motar ma ba tasa ba, balas yake kaiwa kullum.

Robobin ma ƙarya ne. Babu wani bushin da ke shiga kowace mota. Yawancin Golf 3 masu silinda huɗu sandunan ƙarfe ne ke haɗa hannun giya da giyabos, da 'yan robobinta da ƙwallonta na musamman, wasu motocin kuma waya ce, to ta yaya roba ɗaya za ta yi musu duka? Shi kuma kan giyar, gaskiya kai mai ɗan nauyi yana sa hannu ya ji daɗi kaɗan, ban musa ba, amma ba ya gyara komai, kuma mai Vectra ya yi hankali, akwai zoben da ake ɗagawa kafin a sa ribas, irin kan nan nasu yana iya tokare shi.

Abin haushin shi ne gyaran gaskiya ba tsada ne da shi ba, kuma ga shi nan a garinmu. Ka fara gwada wannan, ko sisi ba za ka kashe ba: kashe motar, taka kuloci, bi giyoyin ɗaya bayan ɗaya. Sannan ka tayar ka sake bi. In a kashe tana shiga lafiya amma da ka tayar sai ta ƙi, musamman wan da ribas, to kuloci ne ba ya saki gaba ɗaya. Mai kulocin waya a duba wayar, mai kulocin da ke aiki da man birki ya duba ko man ya yi ƙasa ko iska ta shiga ko yana yoyo, sau da yawa fitar da iska kawai ake yi a wuce wurin. In kuma a kashe ma sandar tana lilo ko'ina, kana laluben giya kamar mai neman allura a duhu, bushin ne ya cinye, ka cire tsohon ka riƙe shi a hannu ka je wurin masu sifiya ka sayo irinsa sak, a shafa giris a ɗaura. A leƙa injin sitin ma, wato robar da injin ke zaune a kai, in ya yage injin yana rawa yana jan sandar giya.

Sai maganar mai, nan ne mutanenmu suka fi sakaci, mota ta zo daga Kwatano ta shekara da shekaru ba wanda ya taɓa buɗe giyabos ɗinta. A sauke tsohon a zuba sabo mai hatimi, wanda aka rubuta lambarsa a jiki. Irin waɗannan motocin wajen lita 2 suke sha. Fijo 75W-80 take so, wasu 75W-90, Honda kuma tana da nata man daban. Ku kula da rubutun GL-4 da GL-5, ba ɗaya ba ne, GL-5 an fi yin shi don difaranshal, wato abin da ke raba wa tayoyi ƙarfin inji, kuma giyabos da yawa masu zoben tagulla a ciki GL-4 aka ce a zuba musu. In zoben nan ya riga ya cinye, wato giya ɗaya ce kullum ke gurnani, ba man da zai dawo da shi, duk wanda ya ce maka yana da shi a kwalba kuɗinka yake so.

Wanda ya riga ya zuba nasu, dan girman Allah kada ka ce bari in gama lodin yau. Ka kai gareji a buɗe a tsiyaye shi tas, a duba ko akwai garin ƙarfe a ciki, a zuba mai kyau, in da hali bayan ɗan lokaci a sake sauke shi. Kada ka yar da kwalbar, kada ka goge hirarku ta WhatsApp, ka adana shaidar tura kuɗin, ka je bankinka da wuri ka shigar da ƙorafi a kan akawun ɗin, sannan ka kai rahoto wurin 'yan sanda, EFCC ma suna da ofis a nan Gombe. Shugabannin tasha kuma ku taimaka ku sanar a wurin lodi, don yawancin direbobinmu ba karatun dogon rubutu suke yi ba, bidiyon kawai suke gani, kuma mutanen nan da an fara zaginsu a shafi sai su rufe su buɗe wani da sabon suna.