Kano da Pennsylvania: Mudun Awon Ne Ya Bambanta

Malam, tambayar da ka ajiye mana jiya da daddare ita ce: lokacin zaɓen Amurka na 2024 ka ji 'yan jarida na ta nanata cewa duk wanda ya ci Pennsylvania ya kama hanyar White House, alhali mu nan a 2023 Kwankwaso ya cinye Kano da tazara mai yawa amma ya ƙare na huɗu. Har ka ƙara da cewa ko dai Kano ba ta kai nauyin da muke ba ta ba ne.

Ta kai, har da ɗoriya. Mudun da ake auna jihohin biyu da shi ne ya sha bamban.

A Amurka jimillar ƙuri'un ƙasa ba ita ke naɗa shugaba ba. Kowace jiha tana da wakilan zaɓe gwargwadon kujerunta a majalisar wakilai, a ɗora sanatocinta biyu a kai. Pennsylvania na da kujeru 17, ka ga wakilanta 19 ke nan. Gaba ɗaya wakilan 538 ne, wanda ya tara 270 ya zama shugaba. In ka cire Maine da Nebraska, a kowace jiha wanda ya zo na ɗaya shi ke kwashe wakilan duka, ko da ƙuri'a guda ya fi abokin hamayyarsa. A 2016 Trump ya ci Pennsylvania da ratar ƙuri'u kusan 44,000, ya ɗebe wakilai 20 da take da su a lokacin. A 2020 Biden ya karɓe ta da kusan 80,000. A 2024 Trump ya sake ƙwace ta da kusan 120,000, cikin ƙuri'u wajen miliyan 7 da aka kaɗa. Duk sau ukun nan, wanda ya zo na biyu ya samu ƙuri'u miliyoyi a jihar amma ya tashi hannu rabbana.

Yanzu dubi Kano ranar 25 ga Fabrairu, 2023. Kwankwaso na NNPP ya samu 997,279, Tinubu na APC 517,341, Atiku na PDP 131,716, Peter Obi na LP 28,513. Da lissafin Amurka ake yi, Kano mai 'yan majalisar wakilai 24 da sanatoci 3 za ta zama da wakilai 27, Madugu ya zuba su a aljihu gaba ɗaya, rabin miliyan ɗin Tinubu kuwa ya bi ruwa. Amma a tsarinmu babu ƙuri'ar da ke tsayawa a iyakar jiha. Kowacce sai ta je Abuja ta shiga jimilla.

Ga abin da nake so ka riƙe. Jihohi ukun da suka fi ba Tinubu ƙuri'a a wannan zaɓen su ne Legas da 572,606, sai Kano, sai Katsina da 482,283. Dukkansu ukun faɗuwa ya yi. Obi ya doke shi a Legas, Kwankwaso a Kano, Atiku a Katsina da 'yar tazarar da ba ta kai 7,000 ba. Ka haɗa ukun, ƙuri'u sama da miliyan ɗaya da rabi ke nan daga wuraren da taswirar talabijin ta shafa wa launin wasu jam'iyyu. Jimillar da ya ci zaɓen da ita 8,794,726 ce, Atiku na biye da 6,984,520, wato ratar ba ta kai miliyan biyu ba. Na biyu a Kano ya fi na ɗaya a jihohi da yawa amfani. Kwankwaso kuwa jimillarsa a faɗin ƙasa 1,496,687 ce, kashi biyu cikin uku daga Kano kaɗai suka fito. Gida ya riƙe shi gam, waje ne bai amsa ba.

Sai sharaɗi na biyu, wanda Amurka ba ta da irinsa. Sashe na 134 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ce yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai ɗan takara ya samu aƙalla kashi 25 cikin 100 a kashi biyu bisa uku na jihohin ƙasar, wato jihohi 24 cikin 36. In ba wanda ya cika, a tafi zagaye na biyu, abin da har yau bai taɓa faruwa a zaɓen shugaban ƙasarmu ba. Don haka ɗan takarar da ya san ba zai ci Kano ba, yana da dalili biyu na zuwa ya yi zufa a cikinta: ya ƙara jimilla, kuma ya haye kashi 25. Tinubu ya samu kusan kashi 30 a Kano, ya jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Atiku bai ko kai kashi 10 ba, shi da a 2019 ya samu 391,593 a jihar lokacin da Kwankwaso ke tare da shi a PDP. In kana neman inda Waziri ya yi asara a 2023, fara dubawa daga nan.

Wannan sharaɗi na kashi 25 kuwa, a kan Kano aka fara gwada shi a kotu, kuma matasanmu da yawa ba su san labarin ba. A zaɓen 1979 jihohi 19 ne. Shagari na NPN ya fi kowa ƙuri'a, ya samu kashi 25 a jihohi 12, amma a ta 13, wato tsohuwar Kano da ta haɗa da Jigawa ta yau, ya tsaya a kashi 19.9, saboda Malam Aminu Kano da PRP sun riƙe gida. Awolowo ya ce kashi biyu bisa uku na 19 ai 13 ne, tunda ba a yanka jiha kamar kabewa, don haka a je zagaye na gaba. Lauyan NPN, Richard Akinjide, ya ce a'a, 12 ne da biyu bisa uku, saboda haka abin da ake nema a Kano kwata ne na kashi biyu bisa uku na ƙuri'unta, kuma Shagari ya wuce nan. Hukumar zaɓe ta FEDECO ta bi wannan lissafi, Kotun Ƙoli ta tabbatar ranar 26 ga Satumba, 1979, Mai Shari'a Kayode Eso ya ƙi yarda, aka rantsar da Shagari ranar 1 ga Oktoba. Ka ga ƙuri'un wanda ya sha kaye a Kano su suka buɗe masa ƙofar mulki. A Pennsylvania irin wannan shari'a ba za ta ma taso ba, don babu wanda ke tambayar nawa na biyu ya samu.

Maganar cewa wanda ya ci Pennsylvania ya ci zaɓe ma akwai gishiri a ciki. Gaskiya ne daga 2008 zuwa 2024 duk wanda ya ci ta shi ya hau. Amma Al Gore ya ci ta a 2000, John Kerry ya ci ta a 2004, duk su biyun Bush ne ya kayar da su. A 2024 ma Trump ya tashi da wakilai 312, Harris 226, ko an zare 19 ɗin yana nan sama da 270. Abin da ya sa ake kiran sunanta shi ne ita ce mafi yawan wakilai cikin jihohi bakwai na raba gardama, kuma ba wanda ya isa ya ce tasa ce. Philadelphia da Pittsburgh na Democrat ne, ƙauyukan tsakiya na Republican, rikicin yana unguwannin bayan gari da tsofaffin garuruwan masana'antu irin su Erie. Darajarta daga rashin tabbas take. Jihar da aka san inda ta dosa, komai girmanta, ba a waiwayarta: a 2020 Trump ya samu ƙuri'u sama da miliyan 6 a California, fiye da abin da ya samu a Texas, amma wakilanta 55 duka Biden ya tafi da su.

Darajar Kano kuwa daga yawa take. Masu rajista miliyan 5.9 ne a 2023, Legas kaɗai ke gabanta. Ko an san inda za ta karkata, girman ratar na da tasiri. Buhari ya ci Kano a 2003 da 2007 da 2011 bai hau ba, har a 2011 ya doke Shekarau yana gwamna mai ci kuma ɗan takarar shugaban ƙasa na ANPP. Sai a 2015, da aka haɗa APC ya samu Kudu maso Yamma, ƙuri'u 1,903,999 na Kano suka yi aikinsu a kan 215,779 na Jonathan. Ratar Kano ita kaɗai ta kusa miliyan 1.7, ratar ƙasa baki ɗaya kuwa wajen miliyan biyu da rabi. Wannan ba ƙaramar jiha ce ke yin haka ba.

Wajen ƙidaya ma hanyoyin sun rabu. Amurka ba ta da wata INEC. A Pennsylvania gundumomi 67, kwatankwacin ƙananan hukumominmu, kowacce ita ke gudanar da zaɓenta, kuma dokar jihar ta hana a fara buɗe ƙuri'un da aka aiko ta gidan waya sai ƙarfe bakwai na safiyar ranar zaɓe. A 2020, saboda korona, irin waɗannan ƙuri'u sun haura miliyan biyu da rabi, akasarinsu na magoya bayan Biden. Shi ya sa daren Talata Trump ke gaba da nisa, kwana na tafiya ratar na narkewa, sai ranar Asabar 7 ga Nuwamba kafafen yaɗa labarai suka ce Biden ne. Lura, kafafen labarai ne ke fara faɗa. Hukuma sai daga baya take tabbatarwa, wakilan su taru a Harrisburg, babban birnin jihar, cikin Disamba, majalisa ta ƙirga ranar 6 ga Janairu.

Namu ka san shi, tunda kai ma ka sha rana a layi. BVAS ta tantance ka da yatsa ko fuska, ka dangwala, a ƙirga a gaban wakilan jam'iyyu, a rubuta a takardar EC8A. Daga rumfa zuwa mazaɓu 484, zuwa ƙananan hukumomi 44, zuwa ofishin INEC na jiha, inda baturen zaɓe, galibi shugaban wata jami'a, zai karanta ya ɗauka ya kai Abuja. Ba shi da ikon cewa wane ya ci, shugaban INEC kaɗai ke da wannan, kuma a 2023 sai da asubahin 1 ga Maris Farfesa Mahmood Yakubu ya sanar. Kowane mataki a tsakanin nan wurin fargaba ne, daga nan aka samo "a kasa, a tsare, a raka". Da sakamakon shugaban ƙasa ya ƙi hawa IReV, shafin intanet da INEC ke ɗora sakamakon rumfuna, a kan lokaci, INEC ta ce tangarɗar na'ura ce, mutane da yawa ba su gamsu ba, ni ma ina cikinsu.

In ka tambayi ra'ayina, a takarda namu ya fi yi wa mai zaɓe adalci. Ƙuri'ar ɗan PDP a Fagge daidai take da ta ɗan PDP a Yola, kuma ba za a taɓa rantsar da wanda wani ya fi shi jimillar ƙuri'a ba, kamar yadda ya faru da Hillary Clinton a 2016 da ta fi Trump da kusan miliyan 3 amma ta koma gida. Inda suka fi mu shi ne fitowa. A Kano a 2023, ga ƙarancin takardun kuɗi da canjin naira ya jawo, ga wahalar mai, ƙuri'u wajen miliyan 1.7 kawai aka kaɗa cikin miliyan 5.9. Duk cika bakin da muke yi da tumbin giwa, ko kashi ɗaya cikin uku ba su fito ba.

Kuma kada ka ce ƙuri'un Kwankwaso sun tashi a tutar babu. A rana ɗaya ake zaɓen shugaban ƙasa da na 'yan majalisar tarayya, wanda ya zo don jar hula yawanci sak yake yi, ba ya wake da shinkafa. Guguwar ta ba NNPP sanatoci biyu cikin uku, Barau Jibrin ne kaɗai ya tsira wa APC da Kano ta Arewa. Bayan mako uku, ranar 18 ga Maris, Abba Kabir Yusuf ya samu 1,019,602 ya kayar da Nasiru Gawuna mai 890,705. Kwatanta wannan 890,705 da 517,341 da APC ta samu a zaɓen shugaban ƙasa: cikin kwana 21 ta ƙaru da sama da 370,000 a jiha ɗaya, a rumfunan nan dai da aka yi na farko.