Gadar Adomi: gyara ko sabuwa?

Direbobinmu na unguwar Nima da ke Accra, Ghana, masu zuwa garin Ho sun rabu biyu kan gadar ƙarfen Adomi, wadda Nkrumah ya buɗe a kan kogin Volta a 1957. Masu son sabuwa ba su manta 2014 ba, da aka rufe ta don gyara: motoci jere a mashigar Senchi ana jiran jirgin fito, tumatir na ruɓewa a kwando. Ga shi layi biyu kacal gare ta.

Ni ina bayan masu gyara. An sauya shimfiɗarta, bakan ƙarfen da ke ɗauke da ita bai gaza ba, aka buɗe ta ƙarshen 2015. Tsatsa da lodin wuce kima ke cin gada, kuma fenti da sikelin awo ba su kai kuɗin sabuwa ba.